Ni na rubuta wasiƙar da ta hana kyaftin ɗinmu shiga ƙungiyar ƙasa

Assalamu alaikum Hajiya mai shafi, da ku masu karatu, ina yi wa kowa fatan alheri. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk sunan da zan ambata a nan ba na gaskiya ba ne. Na san halin wasunku a wajen sharhi, ba ku kai layi na uku ba kun riga kun jefa mutum wuta. Wanda zagi ya kawo shi ya kama gabansa, babu abin da zai ce da ni wanda ban riga na faɗa wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma kwana huɗu kacal suka rage mini.

Ni ɗan Kano ne, a Alexandria nake zaune da matata da 'ya'yanmu uku. Karatu ya kawo ni Amurka a farkon shekarun dubu biyu, yanzu ina aikin kwamfuta a wani kamfani da ke yi wa gwamnati kwangila, irin aikin da sai an tone tarihinka kaf kafin a ba ka katin shiga ofis, kuma ƙarya ɗaya ta isa a karɓe katin. Tun ina sakandare nake buga ragbi, wasan nan da ake ce wa zari-ruga a rediyo, wanda yawancin mutanenmu ke ɗauka dambe ne aka saka wa ƙwallo. Da na zo nan ban iya haƙura da shi ba. Muka riƙa haɗuwa duk Asabar a wani fili bayan wata makaranta a Silver Spring, mu 'yan Najeriya, da direbobin tasi 'yan Nijar, da 'yan Kenya da Ghana da Senegal. Ni na tara su, ni na sayo ƙwallayen farko, ni ne kyaftin har ranar da gwiwata ta hagu ta tashi aiki. Daga nan na koma koyarwa da riƙe takardu. Ina so ku riƙe wannan, domin daga baya an yi kamar ban taɓa zubar da gumi a filin nan ba.

Sai Dakta Bashir ya shigo. Likita ne mai asibitin kansa a Germantown, ɗan garinmu, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma bai taɓa riƙe ƙwallon ragbi ba a rayuwarsa. A wani taron Sallah ya ji labarinmu, ya zo kallo sau biyu, a zuwa na uku ya zo da lauya. Ba zan ci amanar gaskiya ba, ya yi wa kulob ɗin abin da mu ba za mu iya ba. Ya yi masa rajista, ya ɗinka riguna, ya yi wa kowa inshora, ya samo bas, ya kama wa waɗanda ba su da wurin zama gida, ya sama wa wasu aiki. Amma rajistar da sunansa aka yi, shi kaɗai. Abin da muka gina da ƙafafunmu ya wayi gari mallakar mutum ɗaya, kuma bai taɓa barin mu manta ba. Idan muka ci wasa, kulob ɗinsa ne ya ci. Idan aka ci mu, "yaranka" ne suka ba shi kunya. Ba wasan ne a gabansa ba, kujera ce. Yana son shiga shugabancin wasan na yankinmu, daga can ya haye majalisar da ke jan ragamar ragbi ta ƙasa baki ɗaya. Ya sha ce mini, "Kujerun nan ba gadon uban kowa ba ne. Ka bar ni da su, kai dai ka riƙe mini yaran nan."

Lauyansa ya rubuta kwantiragin da kowane ɗan wasa zai sa wa hannu. A ciki akwai wani sakin layi da ya ce duk kulob ɗin da ke son ɗan wasanmu, ko da ƙungiyar ƙasa ce, sai ta rubuto wa kulob, kuma kulob ne ke da ikon sakin mutum ko riƙe shi. Ni aka ba aikin karanta musu takardar, in fassara wa masu jin Hausa. Da na zo wannan wurin na bi ta kansa da gudu, na ce ƙa'idar ofis ce kawai. Me ya sa? Domin Dakta yana zaune kusa da ni yana kaɗa ƙafa, kuma ina son bas ɗin da inshorar. A ranar ya naɗa ni sakatare. Ya miƙa mini akwatin imel na kulob, da takardu masu tambari, da wani hatimi mai ɗauke da sa hannunsa, ya ce ba shi da lokacin da zan riƙa bin sa asibiti da kowace 'yar takarda.

Yanzu bari in zo kan Harisu. Ɗan Kaduna ne, cacar biza ta kawo shi, yana aikin lodi a wani ɗakin ajiyar kaya lokacin da na gan shi a masallaci. Ya kai shekara ashirin da huɗu bai san ana jefa ƙwallo baya a ci gaba da gudu ba. Ni na koya masa yadda ake riƙe ta, yadda ake faɗuwa ba a karye ba, yadda ake kama mutum a cinya. Wata shida ina zuwa ɗaukarsa a tashar jirgin ƙasa ta Metro domin ba shi da mota. A gidana ya yi buɗa-baki azumi biyu a jere. Yaya yake ce mini, matata kuma Anti. Cikin shekara uku ya zama abin da ni ban taɓa zama ba ko a mafarki, kuma wannan ma gaskiya ce da ba na son faɗa. Idan ya karɓi ƙwallo a gefen fili, 'yan kallon wancan ɓangaren ma tashi tsaye suke yi. Ni da bakina na ce a ba shi kyaftin.

Sai ya kai kwantiraginsa wa wata abokiyar aikinsa mai karatun lauya ta duba masa. A walimar ƙarshen kakar wasa, ranar wata Lahadi da rana a wani gidan abinci na 'yan Afirka a Silver Spring, da matanmu da 'ya'yanmu duk suna zaune, ya miƙe da takardar a hannu. Dakta bai zo ba, kamar kullum idan babu Turawan da za su gan shi. Harisu ya karanta sakin layin nan da ƙarfi, ya fassara shi kalma bayan kalma, sannan ya juyo kaina.

"Yaya, wannan ce ƙa'idar ofis ɗin da ka ce mana?"

Na ce ya zauna mu yi magana a waje, nan ba wurinta ba ne.

Ya ce, "A gaban kowa ka karanta, a gaban kowa za ka amsa. Mu mun ɗauka kocinmu ne kai. Ashe ɗan aiken Dakta ne kawai, an ba ka jaka ka riƙe."

Wasu suka yi dariya. Ba da yawa ba, amma na ji su, kuma har yau zan iya lissafa muku su da suna. Babbar 'yata tana zaune a gefena da cokali a hannu. Matata ta sunkuyar da kai tana gyara wa ƙaramin riga da babu abin da ya same ta. Mutumin da na ɗauko daga bakin ƙofar masallaci bai san hagu da dama a fili ba, shi ne zai kira ni ɗan aike a gaban iyalina? Ku da za ku ce ai gaskiya ya faɗa, na sani. Gaskiyar ce ta fi ƙona ni. Da ƙarya ya yi mini da tuni na manta.

Bayan kamar wata biyu, a lokacin zafi, muka buga wata gasa ta ragbin mutum bakwai-bakwai, Harisu ya yi abin da ya saba. A lokacin ne ƙungiyar ƙasa ta Amurka ta fara ɗaukar 'yan wasa aiki na cikakken lokaci, da albashi da wurin zama da likitoci, abin da babu shi a da. Ranar wata Asabar da safe ina shan shayi na buɗe imel ɗin kulob, sai ga saƙo daga ɗaya daga cikin masu zaɓen 'yan wasan ƙasa. Ya ce ya ga Harisu, ya bincika ya tabbatar ya cika shekarun zaman da ake buƙata, suna gayyatarsa sansanin gwaji a California, kuma idan ya yi abin da ya gani da idonsa, akwai kwantiragi a gabansa. Abu biyu kawai suke so daga kulob, takardar saki da bayanin lafiyarsa.

Na karanta sau uku. Ban kira Dakta ba, ban kira Harisu ba. Ba zan ce muku shaiɗan ne ya rinjaye ni cikin minti ɗaya ba, domin sai da na gama shayina, na kai yara Islamiyya, na dawo, na zauna na rubuta wasiƙar amsa a natse. Na rubuta da sunan Dakta cewa ɗan wasan ya bugu a kai sau biyu a kakar da ta wuce har ya suma, cewa a matsayina na likitan kulob kuma mai shi ban yarda ya shiga wasa mai tsanani irin na ƙasa ba, kuma kwantiraginsa da mu bai ƙare ba. Harisu bai taɓa suma a fili ba ko sau ɗaya. Na buga ta a takarda mai tambari, na danna hatimin Dakta a ƙasa, na ɗauki hotonta na aika, na goge saƙonsu da amsata. Kafin la'asar mutumin ya amsa da godiya, yana yi wa Harisu fatan samun sauƙi. Wannan ma na goge. Kuna son ku san abin da na ji? Daɗi na ji. Ranar Talata a wajen atisaye na tsaya ina kallonsa yana gudu yana ba mutane umarni, ina cewa a raina, kai da ka iya karatun takarda, ga wadda ba za ka taɓa karantawa ba.

Fiye da shekara guda babu abin da ya faru. Sai a wata gasa a Baltimore, mai zaɓen 'yan wasan nan ya ga Harisu a fili, ya tare shi bayan wasa yana tambayarsa yaya kan nasa, kuma wane likita ne ya ba shi izinin dawowa. Harisu bai gane ba. Mutumin ya yi masa bayani, ya ce likitan kulob ɗinsu ne ya rubuto da sa hannunsa, ya ce ya yi takaici ƙwarai domin guraben sun riga sun cike, kuma yanzu matasa 'yan jami'a ake nema. A bas ɗin dawowa kusa da ni Harisu ya zauna. Da muka kusa gida sai ya ce, "Yaya, mutumin nan ya kashe ni ina raye." Na ce, "Wane mutum?" Ya ce, "Dakta mana." Na ce innalillahi. Da bakina na ce innalillahi.

Ranar Talata Dakta ya zo fili domin an kira shi. Harisu ya tare shi tun bai rufe ƙofar mota ba, 'yan wasa suka kewaye su. Dakta ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ta canja, ya ce shi bai taɓa ganin wata gayyata ba, bai rubuta wa kowa komai ba. Sannan ya nuna ni da makullin motarsa.

"Ku tambayi sakatare. Imel a hannunsa yake, hatimina a hannunsa yake."

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, sai Harisu ya riga ni.

"Wannan? Wannan da ko ruwa ba ya sha sai ka ba shi izini? Kar ka raina mana hankali, Dakta. Ka ji tsoron in tafi kulob ɗinka ya faɗi kafin zaɓenka, shi ke nan."

Kun ji abin da ya cece ni. Ba amana ba ce, ba ƙauna ba ce, raini ne. A idonsa ban kai in yi mugunta da kaina ba. Na tsaya a wurin ina jin sauƙi da baƙin ciki lokaci guda, har wani ɓangare na zuciyata yana son in ce masa ni ne, ɗan aiken ne ya yi maka, ka gani ko na isa. Amma abin da na ce shi ne, "Ni dai takardun da aka ba ni nake aikawa. Ba na karanta abin da ya shafi likita." Dakta ya dube ni ya daɗe, sannan ya shiga motarsa.

Babu wanda ya yarda da shi, kuma laifin wa ne? Mutumin da ya shekara shida yana ce wa manyan mutane masu iyali "yarana", wanda ya taɓa korar wani ɗan Kenya daga gidan kulob cikin sanyi don ya je gwaji wani wuri ba da izini ba, wa zai tsaya masa? Makonni kaɗan bayan haka aka yi taron zaɓen shugabannin yanki a wani otal. Harisu ya je, ya nemi izinin magana, ya ba da labarin tun daga farko a gaban wakilan kulob-kulob. Ba shi da wasiƙar a hannu, amma bai buƙace ta ba. Dakta ya faɗi zaɓen mummunar faɗuwa. Cikin wata guda ya janye bas ɗinsa da gidansa da inshorarsa, ya aiko lauya da takardun kulob ya ce mu je mu ci. Labarin ya zaga cikin mutanenmu daga Germantown har Alexandria, wasu suka daina zuwa asibitinsa, matata ta daina gaisawa da matarsa a wajen biki, kuma ni na ce mata ta yi daidai.

'Yan wasa suka mai da kulob ɗin na kowa da kowa, kowane mutum ƙuri'a ɗaya. Suka yaga tsohon kwantiragi. Da aka zo zaɓen shugaba, Harisu ne ya ɗaga hannu ya kira sunana. Ya ce na zauna da su lokacin da mai kuɗi ya gudu, ya ce duk wanda aka taka shekara da shekaru ya san zafin taku. Ban ƙi ba. Na karɓa, na kuma yi aikin da kyau, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Na samo mana masu tallafi, na rubuta sabuwar yarjejeniya da ta ce duk gayyatar da ta zo wa ɗan wasa, a hannunsa za ta fara sauka. Bayan shekara uku aka zaɓe ni a kujerar yankin da Dakta ya nema ya rasa, yanzu kuma sunana na cikin waɗanda za a tura majalisar ƙasa. Ni ake gayyata in yi magana kan haƙƙin 'yan wasa da yadda masu kulob ke danne su da takarda. Ina tsayawa in yi, ana tafa mini, kuma labarin Harisu nake bayarwa a matsayin misali.

Shi kuwa ba a sake kiransa ba. Ya yi ta aika bidiyon wasanninsa, ya biya wa kansa jirgi ya je gwajin da ake buɗe wa kowa, aka ce masa ya yi kyau amma shekaru sun ja. Yanzu babbar motar kai kaya yake tuƙawa, sama da ƙasa a kan babbar hanyar Germantown, yana koyar da 'yan wasanmu da yamma. Wasu daga cikin waɗanda aka ɗauka a wancan sansanin yana ganinsu a talabijin. Ya yi aure, yana da 'ya ɗaya, amma maganar nan ba ta bar shi ba ko na yini guda. Duk zaman da za a yi sai ya kawo ta. Kuma in gaya muku gaskiya, na gaji da jin ta. Wani lokaci yana magana ina kallonsa ina cewa a raina, wa ya ce maka ma da ka je za a ɗauke ka? Mutum nawa suka je sansanin nan suka dawo hannu biyu? Na san wannan tunanin ƙazanta ne, amma kun ce a faɗi gaskiya a shafin nan.

Watan jiya abin da nake tsoro ya faru. Mutumin nan mai zaɓen 'yan wasa ya bar aikin, yana share tsofaffin saƙonninsa ya ci karo da wasiƙar, ya turo wa Harisu. Harisu ya kai wa lauya. Lauyan ya ce likita mai lasisi ya rubuta ƙarya kan lafiyar mutumin da bai taɓa dubawa ba, wannan magana ce da za a iya kai wa hukumar da ke ba likitoci lasisi, kuma za ta iya raba Dakta da aikinsa. Amma tun da hatimi ne ba sa hannu na alƙalami ba, Dakta zai ce ba shi ba ne. Don haka suna buƙatar takardar rantsuwa daga sakataren wancan lokacin, cewa Dakta ne ya miƙo masa wasiƙar ya ce ya aika.

Ranar Juma'ar da ta wuce na fito daga masallaci, sai na tarar da Dakta tsaye jikin motata. Shekara biyar ba mu yi magana ba. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari, amma bakin nan yana nan yadda na san shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da Juma'a." Ko hannu bai ba ni ba.

Ya ce, "An ce za ka rantse."

Na ce ban yanke shawara ba tukuna.

"Ba ni da hujja a kanka, ka goge komai, na sa an duba tun a lokacin. Amma hatimin nan mutum biyu ne suka taɓa riƙe shi a duniya, kuma ni na san ban danna shi ba. To saura wa?"

Na ce masa ban san abin da yake nufi ba.

"Ka sani. Ka ci kujerata, ka ci kulob ɗina, na bar ka da Allah. Amma asibitin nan shekara ashirin na yi ina gina shi, ma'aikata tara ke ci a ciki. Ka sa hannu a takardar nan, wallahi sai na sayar da gidana na bi ka kotu-kotu har sai an tone kwamfutar da ka yi amfani da ita. Daman tun ranar da na fara ganinka na san ƙaramin mutum ne kai."

Ya juya ya tafi. Na zauna a mota, kuma ba nadama ce ta fara zo mini ba, haushi ne. Ko a ranar da shi ne mai gaskiya, sai da ya nemi hanyar taka ni. Da ya roƙe ni, da ya ce don Allah, wataƙila da a wurin zan faɗa masa komai. Amma mutumin nan bai iya ba. Shi ya kawo kwantiragin, shi ya ba ni hatimin don yana ganin ya fi ƙarfin zama ya sa hannu, shi ya mai da ni abin da Harisu ya kira ni. Yanzu kuma ni ne zan rusa gidana don in wanke shi?

Ranar Lahadi da rana Harisu ya zo gidana da takardar a cikin ambulan. Ya gaida matata, ya ɗauki ƙaramin ɗana ya ɗaga sama, ya zauna ya nuna mini inda zan sa hannu a gaban mai hatimin shaida ranar Litinin mai zuwa. Shafi ɗaya ce, layi bakwai. Na ce masa ko zai bar maganar nan haka, shekaru sun wuce, mutumin ya riga ya sha kunya. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Kunya? Shi yana nan yana duba marasa lafiya ana ce masa Dakta. Ni ina ɗaga kwali. Yaya, ba kuɗinsa nake so ba. So nake wata hukuma ta rubuta a takarda cewa ƙarya aka yi mini, in ajiye wa 'yata ta karanta idan ta girma. Kai kaɗai ne ka ga abin da ya faru. In ka ja da baya, ba ni da kowa."

Matata ta sa baki daga kicin, ta ce ai babu ma abin tunani a nan, mai gaskiya ba ya tsoron rantsuwa. Ba ta san komai ba. Shekara biyar tana kare ni a gaban mutane.

To ga inda nake. In na sa hannu, na rantse da ƙarya a gaban hukuma da gaban Allah, na raba mutum da sana'arsa kan abin da bai yi ba, kuma in Dakta ya cika alkawarinsa aka tono ni, ba aikina kaɗai zai tafi ba, gidan yari ne. In na ƙi sa hannu ban ba da dalili ba, Harisu ba wawa ba ne, rainin da ya rufe masa ido shekara biyar zai yaye cikin dare ɗaya. In kuma na kira shi na faɗa masa, na san Harisu. Ba zai yafe ba, ni ma da ni ne ba zan yafe ba. Lauyan nan da ke jiran Dakta kaina zai juyo, kujerar yanki ta tafi, ta ƙasa ta tafi, katin ofis ya tafi, kuma sai na zauna na kalli matata da 'yata na gaya musu wane ne ni. Na yi tunanin in ce ba na tuna komai, amma wane sakatare ne zai manta ranar da ƙungiyar ƙasa ta nemi kyaftin ɗinsa?

Kada wani ya rubuto mini cewa in tuba kawai. Na yi istigfari har na gaji, kuma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari. Kada kuma wani ya ce mini Harisu bawan Allah ne marar laifi, ko Dakta abin tausayi ne. Ɗaya ya wulaƙanta ni a gaban 'ya'yana, ɗayan ya shekara shida yana goge takalminsa a kaina, kuma har yanzu da nake rubuta wannan ban gama jin haushinsu ba. Amma babu ɗayansu da ya zauna ya ƙirƙiri ciwon da babu shi ya danna masa hatimin wani. Ni na yi.

Ambulan ɗin yana cikin motata, ban shigo da shi gida ba. Harisu zai zo ɗaukata ranar Litinin da ƙarfe goma na safe. Ku da ba ku san ni ba, ba ku kuma da abin da za ku rasa, ku gaya mini: idan ya tsaya a ƙofar gidana ya danna hon, me zan yi?